Daga Jigawa Zuwa Fadama: Yawon Ƙafa da Kallon Halittu a Tsakiyar Jihar Jigawa

Ranar 27 ga watan Agusta na 1991 aka yanki wani sashe na tsohuwar Jihar Kano aka yi sabuwar jiha, aka ajiye hedkwatarta a Dutse. Masarautu biyar ke cikinta a yau, watau Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, amma ba a ba ta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Sunan ƙasar da suke takawa aka ba ta. Jigawa a Hausa ita ce tudu mai rairayi, jam'inta jigayi. Ɗaliban Hausa da yawa sun san wannan ma'ana daga ƙamus, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa hawa jigawa da ƙafarsu har suka leƙa abin da ke bayanta. Abin da ke bayanta kuwa, sau da yawa, ruwa ne. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda aka yi rairayi da ruwa suka zauna kafaɗa da kafaɗa a ƙasar da ke tsakanin Dutse da Haɗejiya, da abin da mai tafiya a ƙasa zai gani in ya ratsa ta, da kuma dalilin da ya sa wasu halittun wurin ke neman ɓacewa tare da sunayensu.

Asalin Jigayi

Wanda ya tashi daga Dutse ya nufi arewa ta Kiyawa zuwa Jahun, abu na farko da zai lura da shi shi ne duwatsu sun ƙare. Manyan duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su, da gonakin dabinon da ke gindinsu, duk za su koma baya. Daga nan sai ƙasa ta shiga hawa da gangara a hankali, tudu bayan tudu, kamar kunyoyin wata gona da ba ta da iyaka. Waɗannan su ne jigayi. Ba a warwatse suke ba. A jere suke kwance, dogaye, kawunansu wajen arewa maso gabas, ƙafafunsu wajen kudu maso yamma, watau daidai hanyar da iskar hunturu take bi.

Wannan jeri ba banza ba ne. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansa a 1958, inda ya nuna cewa jigayin ƙasar Hausa saura ne na tsohuwar hamada. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi ƙwarai, ruwan sama ya ja baya a Afirka ta Yamma, Sahara ta gangaro kudu da nisan ɗaruruwan kilomita fiye da inda take yanzu. Iskar da ke zuwa mana da hazo a yau ita ce ta tara rairayin nan a wancan zamani. Da ruwa ya dawo sai ciyawa da itatuwa suka tsiro a kai, saiwoyinsu suka ɗaure shi, ya daina tafiya. Ruwan ma bai dawo da wasa ba: a 1987 an gano wani kwalekwale a Dufuna ta Jihar Yobe, aka auna shekarunsa aka samu kimanin 8,000. Jigayin Jahun da Kafin Hausa, ke nan, hamada ce da ta yi barci. Manoma na shuka gero da wake da gyaɗa da riɗi da yakuwa a bayanta, kuma muddin akwai abin da ya rufe ta, ba za ta motsa ba.

Sai maganar ruwa. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama kogi ɗaya da ake kira Kogin Haɗejiya. Can sama yana gudu ne a kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, amma da ya wuce Wudil sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kwarin Cadi, inda babu gangara sosai, ƙasar kuma mai shan ruwa ce. Nan ne ya tarar da jigayi kwance a gabansa. Ba shi da ƙarfin da zai fasa su, saboda haka sai ya riƙa ratsa tsakaninsu yana rarrabuwa. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa. Bayan garin Haɗejiya kuma ya sake rabuwa, Marma ta nufi tafkin Nguru, Burum Gana ta kama tata hanyar, tsohon kogi ya bi tasa. Abin da ya yi saura shi ke gamuwa da Kogin Jama'are kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai faɗawa Tafkin Cadi. Mafi yawan ruwan ba ya kai wa can. Wani ƙasa ta shanye shi, wani rana ta ɗauke shi, wani kuma ya kwanta a kwarurrukan da ke tsakanin jigayi tun daga watan Agusta har cikin rani. Fadamun Ringim da Taura da Miga da Jahun da Auyo ta haka suka samu.

Kalmomin Ƙasa

Bahaushe bai bar ƙasar nan ba suna. Tudu shi ne duk inda ambaliya ba ta kai wa. Jigawa tudu ce, amma ba kowane tudu ne jigawa ba, sai mai rairayi wanda ƙafa ke nutsewa a cikinsa. Fako kuwa ƙasa ce mai tauri wadda ruwa ke zamewa a kanta, ba ta tsirar da abin kirki. Kwari shi ne inda ƙasa ta lotsa. In ruwa ya kwanta a kwari da damina ya janye da rani ya bar laka mai damshi, an sami fadama. In ya ƙi janyewa, tafki ke nan. Dausayi wuri ne mai laima da ɗanyar ciyawa, kuma da wannan kalma ake fassara sunan dukan yankin Haɗejiya da Nguru a kafofin watsa labarai. Kurmi shi ne inda itatuwa suka haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa sosai. Kowace kalma a nan tana ɗauke da hukunci: me za a shuka, yaushe za a shuka, ina za a kai shanu. Manomin da ya ce gonarsa jigawa ce ya riga ya faɗi cewa ba shinkafa yake nomawa ba.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin kalmomin nan ta ƙetare zuwa Turanci. Tun farkon shekarun 1990 da Bankin Duniya ya shiga tallafa wa noman rani a Nijeriya, kalmar fadama aka sa wa shirin, aka kuma ci gaba da rubuta ta haka a takardunsu. Masu nazarin aron kalmomi sun saba lissafa abin da Hausa ta aro. Ga wadda ta bayar.

Daga Ƙoli Zuwa Bakin Ruwa

Yawo a daji don kallo kawai ba al'adar Bahaushe ba ce. Mai shiga daji ko dai maharbi ne, ko makiyayi, ko mai neman itace ko magani. Wanda aka gani tsaye a gindin bishiya ya ɗaga kai ba ya tsinkar komai, za a tambaye shi abin da ya ɓace masa. Saboda haka wajibi ne baƙo ya fara zuwa wurin mai unguwa ko bulama ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi ɗan rakiya. Ɗan rakiyar nan, in an dace da maharbi ko masunci, ya fi kowane littafi. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen ɗari, watau Nuwamba zuwa Fabrairu: an kawar da amfanin gona, babu zancen taka wa wani shuka, rana ba ta yi zafi ba, ruwa kuma bai ƙafe ba. A fita bayan sallar asuba, a bi burtali, a dawo kafin azahar.

A ƙolin jigawa babu inuwa mai yawa. Sabara da kalgo ne suka fi yawa, sai tumfafiya inda ƙasa ta gaji, sai ƙarangiya wadda ba ta barin wando ya wuce lafiya. Nan da can akwai aduwa da gawo. Gawo shi ne bishiyar da ke saɓa wa sauran, ya zubar da ganyensa da damina ya yi sabo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki. Amma babban abin kallo a nan yana ƙasa. Rairayin safiya, kafin iska ta tashi ko shanu su bi ta kai, allo ne da aka yi rubutu a kansa cikin dare. Ga sawun dila a miƙe kamar na ƙaramin kare, ga na zomo biyu a gaba biyu a baya, ga ɗan tattakin bushiya, ga inda guza ya ja wutsiyarsa tsakanin sawun ƙafafunsa, ga inda makwarwa ta yi tono. Maharbi yakan duba bakin sawu ya faɗi ko na jiya ne ko na ɗazu, domin na jiya gefensa ya riga ya zube. Dabbobin kansu ba kasafai ake ganinsu ba, in ban da kurege da ke tsayawa a kan ƙafafunsa na baya ya dubi mutum kafin ya faɗa rami. Nan ne kuma ya kamata a kula da inda ake sa ƙafa, domin kububuwa launin ƙasa gare ta.

In aka fara gangara, sai itatuwa su canza. Goruba ita ce alamar cewa ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashi. Ita kaɗai ce a cikin danginta su giginya da dabino take yin rassa, gangar ta rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa biyu. Ƙananan da ba su tashi ba su ne kaba, wadda ake saƙa tabarma da igiya da ita. Tare da ita akwai kanya da tsamiya da magarya, kuma a nan kunne ke fara aiki fiye da ido: kukan kurciya iri iri, da cilakowa mai tashi tana lilo kamar za ta faɗo, da tsirya kore shar masu wucewa da ƙara.

Can ƙasa, inda rairayi ya ƙare baƙar laka ta fara, sai bagaruwa da giyayya. Waɗannan biyun suna jure wa tsayawa cikin ruwa wata da watanni. Mai lura zai ga zane a jikin gangarsu, sama fari ƙasa duhu, wanda ke nuna iyakar inda ambaliyar bana ta kai. Ba a bukatar wani ma'auni; wani lokaci zanen yakan wuce kan mutum. Tsakanin ƙolin jigawa da wannan wuri sau da yawa tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba, amma an bar tsiron hamada an zo ga na ruwa.

Bakin ruwa shi ne inda ya kamata a zauna a yi shiru. Bado ya rufe fuskar tafki da faffaɗan ganye da farin fure, burgu ya cika gefe, shi ne abin da ke jawo Fulani da shanunsu da rani. Belbela na biye da shanun tana cafke farin da suka tayar, abin da ya sa ake mata kirari da ci da motsin wani. Zalɓe na tsaye da ƙafa cikin ruwa kamar an dasa shi. Kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska, takan tashi garke guda tana fito, kuma duk wanda ya ji kukanta sau ɗaya ya san inda sunan ya fito. Dinya ta fi su duka girma, ga ƙaya a gaɓar fiffikenta. Zakaran ƙeƙuwa kuwa shi ne ɗan tsegumin wurin, da ya hangi mutum sai ya tashi yana ihu har kowa ya sani. Akwai jinjimi, akwai tsari mai faɗawa ruwa daga kan reshe. Masunci kuma yana can kwance da ciki a kan babbar gora, yana tuƙi da hannu, kifin da ya kama yana jefawa cikin gorar. Abu ɗaya da ba a so baƙo ya kwaikwaya shi ne shiga ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya.

Baƙin Hunturu

Ba duk tsuntsayen da ke bakin ruwa ne 'yan gida ba. Daga watan Oktoba wasu ke fara sauka daga Turai da Rasha, bayan sun ƙetare Bahar Rum da Sahara. A cikinsu akwai ƙananan agwagi masu yawan gaske, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya, da tsuntsayen bakin laka masu dogayen ƙafafu waɗanda ke sauka a gonakin shinkafa bayan girbi. A can suke yin ƙwai, nan kuwa cin rani suke zuwa, kamar yadda mutanen karkara ke yi a birni. Dalilin zuwansu a fili yake: wanda ya ƙetare hamada, ruwan farko da ya gani nan zai sauka, kuma irin wannan ruwa kaɗan ne a bakin Sahara, daga Kogin Sanagal, sai fadamar Kwara a Mali, sai nan, sai Tafkin Cadi. Wani lokaci akan kama ɗaya da zoben ƙarfe a ƙafa mai ɗauke da lamba da sunan wani gari na Turai. Masu bincike ne suka sa, don su san hanyar da yake bi.

Wanda yake son ganin abin a cike sai ya ƙarasa Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, gabas da Haɗejiya. Kurmi ne da tafkuna da gwamnati ta keɓe tun zamanin tsohuwar Jihar Kano. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Tafkin Nguru da Marma sun riga shi shiga tun 2000. An lissafa tsuntsaye fiye da iri 370 a dukan yankin. A Dagona ta Jihar Yobe, wadda ke cikin wannan dausayi, har Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya kai ziyara a 1989. Duk da haka ba lalle sai an je Baturiya ba. Tafkin da ke bayan kowace jigawa a ƙasar Miga ko Jahun yana da rabonsa na baƙin nan, sai dai ba wanda ya kafa masa allo.

Abin Da Ya Canza

Ruwa ba ya tsami banza. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, daidai lokacin da ake fama da babban fari, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. An gina su ne don noman rani a Kadawa da Kura da samar wa birnin Kano ruwan sha, kuma sun yi wannan aiki. Amma sun sauya halin kogin. A da yakan cika ya tumbatsa da damina, ya bushe ƙarƙaf da rani. Yanzu ana tare ruwan damina a riƙa sakinsa kaɗan kaɗan duk shekara. Filin da ambaliya ke rufewa a dausayin, wanda yakan kai murabba'in kilomita 2,000 ko fiye kafin madatsun, ya sha faɗowa ƙasa da 1,000 a shekarun 1980 da 1990. Wani bincike da Barbier da Adams da Kimmage suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana ba da amfani, ta wajen noma da kifi da itace, fiye da irinsa da aka karkatar zuwa gonakin Kano. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta mai da kogin yadda yake ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne kacala. Wannan doguwar ciyawa ba ta iya rayuwa inda ƙasa ke bushewa wata da watanni, saboda haka a da fari na rani shi ke kashe ta. Da ruwa ya zama ba ya yankewa sai ta samu gindin zama, ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, hanyoyin suka toshe. Sakamakon haka wasu garuruwa ruwa ya daina kai musu, wasu kuma ya kwanta a gonakinsu ya ƙi tafiya. In aka yi damina mai ƙarfi, irin ta 2022 da ta ci gidaje da gonaki a Ringim da Miga da Kafin Hausa da Auyo, ruwan ba ya samun hanyar wucewa da sauri. Cikin kacalar nan kuma jan-baki ke kwana, tsuntsun da garkensa ke rufe rana, ya sauka a gonar shinkafa ko gero ya tashi ya bar kara. Mai kallon tsuntsaye zai ga tashin jan-baki da magariba abin mamaki ne. Kada ya faɗi haka a gaban manomi.

A kan tudu kuma gatari ne. Bagaruwa da goruba na tafiya birane a matsayin itacen girki, kuma jigawar da aka tuɓe wa sutura ba ta daɗewa iska take fara kwasarta.

Akwai tsuntsayen da tsofaffi ke ba da labarinsu waɗanda mai yawo a yau zai yi wuya ya gani. Gauraka, mai tukkun zinariya, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ta kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan. Fadamun da take yin sheƙa sun zama gonaki, an kuma yi ta kama ta ana kai wa gidajen manya don ado. Burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su kusanci nama, ya yi ƙaranci. Ungulu ma, da ba a rasa ta a kowace mahauta, ta zama abin nema. Nan ne maganar ta shafi sashen Hausa kai tsaye. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery kuma ya sa sunayen tsuntsaye masu yawa a ƙamusunsa na 1934, domin a lokacinsu akwai masu nuna abin da yatsa su faɗi sunansa. Yau ɗalibi yakan haddace kirarin tsuntsu don jarrabawa alhali in ya gan shi ba zai gane shi ba. Baƙin hunturu kuwa, da yawansu ƙamus bai ba su suna ba, sai dai abin da masunta da maharban Harbo ko Baturiya ke kiransu a tsakaninsu, cikin Hausar da ta yi maƙwabtaka da Badanci da Barbarci da Fulatanci. Wannan aikin fili ne da ke bukatar littafin rubutu, da madubin hangen nesa, da haƙurin zama kusa da tsoho a bakin tafki har tsuntsun ya wuce a tambaye shi.

Wajen watan Maris ruwa ke ja da baya sosai. Tafkuna su tsuke, laka ta tsattsage, masu noman rani su bi damshi da albasa da tumatir da alkama. Gaiwa takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, ta kwanta a nan har ruwa ya dawo, masu nemanta kuma da fartanya suke zuwa maimakon koma. Baƙin Turai su tara kitse su tashi arewa, kafin ƙarshen Afrilu babu saura sai ɗai-ɗai. A daidai lokacin ne wata baƙuwar ke isowa daga kudancin Afirka, watau shamuwa, ta sauka a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari ta fara ɗaukar kara. Ba a jifarta, ba a cin ƙwanta. Da manomin jigawa ya gan ta sai ya shiga gyaran gona.